Duban Aiki da Ƙwarewar Koyarwa a Makarantun Sakandaren Tambuwal da Kebbe

Muƙaddima

 Ya shugaban wannan zama, da shehunan malamai, da shugabannin makarantu, da sauran 'yan'uwa ma'abuta alli da allo, mas'alar da nake son in shimfiɗa a gabanku ita ce dangantakar abubuwa uku waɗanda kullum ake ambatonsu tare, amma ba kasafai ake tsayawa a tantance wanne ke haifar da wanne ba, wato duban aikin malami, da ƙwarewarsa a koyarwa, da ƙwazon da yake nunawa a bakin aiki. Na taƙaita maganar ga makarantun sakandare na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, domin magana a kan Nijeriya baki ɗaya takan yi faɗin da ba a iya kama gefenta.

Da'awata ita ce, duba ba ya ƙara wa malami ƙwazo sai ta hanyar ƙara masa ƙwarewa, kuma ba ya ƙara masa ƙwarewa sai mai duban ya shiga aji ya zauna, ya saurari darasi tun daga farkonsa har ƙarshensa, sa'an nan ya keɓe da malamin su tattauna abin da ya gudana. Duban da ya tsaya ga ofis da takardu yana iya tabbatar da cewa malami ya zo makaranta, wanda kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi da ikon canja abin da malamin ke yi bayan ya zo.

Ƙasar da yanayinta

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega da Yawuri, tafiyar kimanin kilomita 100 daga babban birnin jiha, kuma ƙasarta na da tsofaffin garuruwa irin su Dogon Daji da Sanyinna da Jabo. Kebbe kuwa tana ƙuryar jihar, ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum sama da 220,000, ta ba Kebbe sama da 120,000, alhali Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa. Ma'anar wannan ga mai duba makarantu ita ce jama'a ƙalilan a warwatse cikin sarari mai yawa, daga Kebbe zuwa Kuchi, zuwa Margai da Ungushi da Girkau, a kan hanyoyin da damina ke wahalarwa. A kan nisa kuma sai rashin tsaro ya ƙaru. A ƙarshen shekarar 2020, bayan an kwashe ɗalibai a Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke wuraren da ake jin tsoro, cikinsu har da sakandaren gwamnati ta Kebbe da firamaren kwana ta Jabo. Duk tsarin duba da aka gina shi a kan cewa sufeto zai taso daga Sakkwato cikin mota, ya zagaya makarantu, ya koma kafin magariba, tsari ne da nisa da tsoro suka riga suka raunana shi a wannan yanki, ko da sufeton mutum ne mai himma da tsoron Allah.

Gadon da muka taras

Duban malami a bakin aikinsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe, kuma al'adar karatun da jama'ar Shehu suka bari ta ginu ne bisa mulazama, inda ɗalibi ke lazimtar malaminsa shekara da shekaru, yana karanta littafi a gabansa, yana kallon yadda yake warware mas'ala, da yadda yake amsa wa mai kaifin fahimta da yadda yake haƙuri da mai nauyin kai, kuma ba a ba shi ijaza sai malamin ya gamsu cewa zai iya isar da abin da ya karɓa. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi ne musamman don ya lissafa shehunan da ya ɗauki karatu daga gare su da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, saboda a wurinsu darajar malami tana rataye ne da wanda ya hore shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta saki Jajinta, matan da ke kai karatunta ga sauran mata, sun tafi ƙauyuka sun ɓace mata ba. Suna zuwa wurinta da 'yan tarunsu, su karɓi karatu, su koma su koyar, su sake dawowa. Har a makarantar allo ta yau, gardin da ke biya wa ƙananan almajirai karatu a gaban idon malam yake biyawa, in ya yi tuntuɓe a ji shi nan take a gyara.

Da karatun boko ya zo, hukumomin En'e sun riƙe wani abu mai kama da wannan, wato malamai masu ziyartar makarantu, waɗanda aka zaɓo daga cikin gogaggun malaman aji. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan wannan hanya tamu, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya shugabanci makaranta a Argungu, ya kuma yi wannan aiki na ziyartar makarantu a Lardin Sakkwato. Haka nan kwalejojin horon malamai masu ba da takardar shaida mai daraja ta biyu sukan riƙe yaro shekara biyar bayan firamare, a kai shi gwajin koyarwa, malaminsa na zaune a bayan aji da alƙalami. Ɗaya daga cikin waɗannan kwalejoji a Dogon Daji take, kuma a nan ne Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya kuma yi gwamnan jihar nan daga 2015 zuwa 2023, ya sami takardar malanta a 1984. Da manufar ilimi ta ƙasa ta sanya NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita, aka daina wancan horo, lalle an ɗaga matsayin takarda, kuma ban ce a koma baya ba. Sai dai a ganina wani abu ya salwanta a tsakani, shi ne doguwar rakiyar da ƙwararre ke yi wa sabon shiga har ƙafarsa ta tsaya.

Ƙwarewar da ake nema

Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa koyarwa sana'a ce daga cikin sana'o'i, kuma ilimi ba ya zama malaka a zuciyar ɗalibi sai da maimaici da muhawara da bin tadriji, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya kuma yi gargaɗi cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo. A 1986 wani masanin Amurka, Lee Shulman, ya sake jawo hankalin masu horar da malamai ga cewa sanin fanni dabam ne, sanin yadda za a juya fannin har yaro ya iya ɗauka kuma dabam ne. Wanda ya fito Jami'ar Usmanu Danfodiyo da digirin lissafi, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da NCE, yana iya zama ya san fanninsa sarai, amma bai san a wane mataki ne yaran aji ɗaya na babbar sakandare suka saba ruɗewa ba, ko wane misali ne daga awon hatsi a kasuwa zai buɗe musu ƙofa, ko kuwa wace tambaya ce za ta tona masa cewa shirun da ajin ya yi ba na fahimta ba ne.

Bari in kawo surar darasin da kowa a cikinmu ya sha gani. Malami ya shigo, ya juya wa aji baya, ya cika allo da rubutun da ya kwafo daga littafi, yara suna kwafa, ya share ya sake cikawa, kusa da buga ƙararrawa ya waiwayo ya ce, "Kun gane?" aji duka ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane." Wannan malami bai yi fashi ba, bai makara ba, shirin darasinsa yana nan da sa hannun shugaban sashe, kuma in an auna shi da ma'aunin da muke aunawa yanzu, ba shi da laifi ko ɗaya. Amma a cikin minti arba'in ɗin nan ba a tambayi yaro ko ɗaya da sunansa ba, ba a ga littafin kowa ba, 'yan matan da ke gefe guda ba su buɗe baki ba, kuma da yawa daga masu kwafar ba su iya karanta abin da hannunsu ya rubuta. A nan matsalar harshe take shigowa, domin yaron da ya taso a Sanyinna ko Margai da Hausa ko Fillanci yake tunani, da Ingilishi kuwa WAEC da NECO za su tambaye shi. Malamin da ya ƙware shi ne wanda ya san lokacin da zai sauko ya warware ma'ana da Hausa, da lokacin da zai mayar da yaran ga Ingilishin su faɗa da bakinsu, su rubuta da hannunsu, don kada su fahimci darasi su kasa amsa jarrabawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare, amma inda aji ya zarce haka, ko ɗakin gwaje-gwaje ya zama kango, ko aka ɗora wa malamin nazarin halittu darasin kimiyyar haɗa sinadarai don babu mai yi, buƙatar dabara ƙaruwa take yi.

Irin wannan ƙwarewa ba a karanta ta a littafi a iya ta, kamar yadda ba a samun ta a bitar kwana uku a babban ɗakin taro. Sai an yi, wani ya gani, ya faɗi inda aka karkace, an sake yi. Kuma alaƙarta da ƙwazo a fili take ga duk wanda ya taɓa riƙe alli: malamin da darasinsa ke shiga yana ɗokin zuwa aji, wanda kuwa kullum yake fita da jin cewa ya yi magana da bango, sannu a hankali zai fara jinkiri a ɗakin malamai, ya riƙa aika littafi a kwafa wa yara, har ya koma neman abin da zai cika ranarsa a gona ko kasuwa. Da yawa daga abin da muke kira lalacin malamai, in an bi asalinsa, yanke ƙauna ne na mutumin da ba a taɓa nuna masa yadda zai yi nasara ba.

Duban takarda da duban aji

Hukumomin duba ba su yi mana kaɗan ba. Tarayya ta kafa sashen sufetocinta a 1973, wanda daga baya aka mayar da shi na tabbatar da ingancin ilimi; dokar 1985 ta shata mafi ƙarancin ƙa'idojin da makaranta za ta cika; an kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, da dokar 1993; a birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a watan Satumba na 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta shigar da ƙaramar sakandare cikinsa. A jiha akwai ma'aikatar ilimi, da hukumar malamai, da hukumar ilimin bai-ɗaya, SUBEB, da hukumar ilimin Larabci da addinin Musulunci, ga kuma kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Tambuwal, wadda ke ƙarƙashin Abuja. A ƙarshen 2015 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Abin tambaya shi ne, daga duk wannan, mene ne ke isa ga malamin da ke tsaye gaban aji?

Yadda ziyara ta saba gudana sananne ne. Labari ya riga baƙi isowa, a share harabar makaranta, malamai su kwana suna cike shirin darussan makonnin da suka wuce. Baƙi su sauka a ofishin shugaba, a kawo musu rajistar ɗalibai da littafin sa hannu da kundin ayyukan mako da jadawalin darussa, su duba su sa hannu, wataƙila su leƙa aji biyu ta taga, su kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba, rahoton kuwa ya tafi Sakkwato, malamin da aka rubuta a kansa bai taɓa ganinsa ba. Wannan daidai yake da mutum ya zagaya rumbu daga waje, ya yaba yaɓensa da jinkarsa, ya tafi ya ba da shaidar cewa gidan ya yi noma. Illar ba ta tsaya ga rashin amfani ba, domin malami mutum ne mai hankali, abin da ya ga ana dubawa shi zai gyara. In takarda ake dubawa zai ƙware a takarda. Haka kuma in aka ce sakamakon jarrabawa kaɗai ne ma'auni, an buɗe ƙofar satar amsa, wadda ke sa makarantar da ba a koyar da kome ba ta fito da sakamako mai kyau, ta kunyata wadda ta riƙe amana.

Akwai masu ganin maganin shi ne a yi wa malamai jarrabawa a kori waɗanda suka faɗi, suna kafa hujja da Jihar Kaduna, inda a 2017 malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 suka kasa cin gwajin da aka yi musu. Ban musa cewa wanda bai san abin da zai koyar ba bai cancanci aji ba. Amma gwaji tacewa yake yi, ba ya koya wa wanda ya tsallake yadda zai yi tambaya ko ya riƙe aji, kuma a ƙasa irin Kebbe, inda samun malamin lissafi ko kimiyya da zai yarda ya zauna aiki ne babba, hankali ya fi karkata ga a gyara wanda ke hannu.

Abin da aka jarraba a wasu wurare yana ƙarfafa wannan. A Jami'ar Harvard, Morris Cogan da Robert Goldhammer, waɗanda littattafansu suka fito a 1973 da 1969, sun tsara duba mai zagaye: a zauna da malami kafin darasi a ji niyyarsa, a shiga aji a rubuta abin da ya faru ba tare da hukunci ba, sa'an nan a sake zama a yi muraja'a tare. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa suka tattara bincike 60 a kan irin wannan rakiya, suka taras tana gyara koyarwa ƙwarai, tana kuma ɗaga sakamakon ɗalibai, ko da yake tasirinta yakan ragu in an faɗaɗa shirin har masu rakiyar suka yi kaɗan. A Afirka ta Kudu an gwada hanyoyi biyu a kan malaman ƙananan azuzuwan firamare, wasu aka tara su bita, wasu aka riƙa aika musu mai rakiya har aji kowane wata, karatun yaran kashi na biyu ya ƙaru kusan ninki biyu na na farko. Nan gida ma, shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato tare da hukumar JICA ta Japan, ya ɗauko al'adar malaman Japan ta shirya darasi tare, ɗaya ya koyar saura suna kallo, a dawo a tattauna. Wanda ya san mulazama ba zai ga baƙon abu a cikin waɗannan ba.

Abin da ya dace da Tambuwal da Kebbe

Tun da sufeto daga nesa ba zai iya zuwa a kai a kai ba, wajibi ne nauyin duba ya koma cikin makaranta, ga shugaba da mataimakinsa mai kula da harkokin karatu da shugabannin sassa, aikin sufeto kuma ya zama duba masu duba, ya tambayi shugaba azuzuwa nawa ya zauna a cikinsu wannan zango, me ya gani, me ya ce wa malamin, me ya canja bayan haka. Inda makaranta ke da malamin kimiyya ɗaya tak, ba shi da wanda zai gane kuskurensa a fannin, sai a haɗa makarantu maƙwabta su zama gungu, malaman fanni ɗaya su riƙa haɗuwa wata-wata a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe, da rana, a kan hanyar da aka amince da ita, a biya musu kuɗin mota. Sabon malami da ɗan bautar ƙasa kuwa kada a miƙa musu aji ranar da suka iso a juya baya. A haɗa kowannensu da wani dattijon malami na tsawon shekarar farko. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko 40 na aiki, in an yi aiki da ita, za ta bar mana gogaggun da suka fi dacewa da wannan rakiya.

Akwai cikas guda da littattafan Turawa ba su san da shi ba, shi ne kunya da girmama na gaba. Shugaban sashe ɗan shekara talatin da biyar yana jin nauyin ya zauna a ajin wanda ya girme shi, balle in shi ya koyar da shi, ko surukinsa ne, ko limamin unguwarsu. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ba na kuma son a kashe ta da sunan aiki; ladubban nasiha da malamanmu suka karantar sun isa su warware ta, wato a yi ta a keɓe, a fara da ambaton alherin da aka gani, a tsaya ga gyara ɗaya ko biyu da mutum zai iya ɗauka, kada a tara masa goma. Mafi kyau ma shugaba ya fara buɗe nasa ajin, ya ce malamai su shigo su gani su faɗa masa, domin wanda ya yarda a gyara shi ba a jin zafin gyaransa. Sharaɗi ne kuma a raba littafin rakiya da fayil ɗin ladabtarwa, don muddin malami yana zaton abin da aka gani a ajinsa zai zama dalilin tura shi wani ƙauye mai nisa, zai ɓoye rauninsa, ya shirya darasin nuni na ranar kaɗai.

Sa'an nan akwai haƙƙi. Ibn Sahnun na Ƙairawan, a littafinsa na ladubban malamai, ya wajabta wa malami ya ba yara lokacinsa duka, ya daidaita tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka, amma a cikin littafin nan dai ya yi bayanin ladan malami da abin da ya wajaba a ba shi. Hukumar da ta jinkirta ƙarin girma, ta bar malamin ƙauye ba gidan kwana ba alawus, ta rage wa kanta bakin yin nasiha. Kuma shugaban makarantar da aka cika shi da kiran taro a Sakkwato da cike takardun ƙididdiga ba a yi masa adalci ba in an tuhume shi da rashin shiga aji.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatar ilimi ta rubuta zaman aji cikin jadawalin kowane shugaban makaranta da mataimakinsa kamar yadda ake rubuta darasi, ta kuma ware kuɗin haɗuwar gungu a kasafinta. Ku kuma shugabannin makarantun Tambuwal da Kebbe da ke zaune a nan, wannan ba ya jiran takarda daga Sakkwato: kada zangon karatu mai zuwa ya ƙare face kowane malami a makarantarku an zauna masa a aji aƙalla sau biyu, daga farkon darasi har ƙarshensa, an kuma keɓe da shi an tattauna kafin ranar ta wuce.